Babi na Shida: A Sassarfa Ake Gina Juriya

Da yawa daga cikin masu fara gudu domin lafiyarsu ba sa kai wata guda suna yi, kuma dalilin kusan ɗaya ne: sauri suke yi fiye da kima. Mutum ya shekara goma bai yi gudun da ya wuce na tsallaka titi ba, ran da ya yi niyya sai ya ɗaure takalmi, ya shiga filin makaranta, ya zura a guje kamar an biyo shi. Kafin ya gama zagaye biyu ƙirji ya ɗauki zafi, haki ya ci ƙarfinsa, gefen ciki ya ƙulle. Washegari cinyoyi su yi tsami har ya kasa durƙusawa. Daga nan sai ya yanke wa kansa hukunci cewa shi ba shi da jikin gudu. Alhali jikinsa lafiya lau yake, saurin ne bai kai lokacinsa ba.

Ma'aunin da ya dace da sabon shiga ba ya buƙatar agogo ko wata na'ura. Idan kana gudu kana iya magana da na kusa da kai, jimla cikakkiya, ba tare da numfashi ya yanke maka ita ba, to kana daidai. Idan kalma ɗaya-ɗaya kake fizgowa, rage. Idan ragewar ta kai ka ga tafiya da ƙafa, yi tafiyar, babu abin kunya a ciki. Na san yadda wannan shawara take yi wa matashi nauyi, musamman idan akwai masu kallo a bakin fili, amma duk abin da ya rage a babin nan a kanta ya dogara.

Dalilin a taƙaice shi ne, aiki mai sauƙi da aka daɗe ana yi yana sa zuciya ta riƙa tura jini mai yawa a kowane bugu, ƙananan hanyoyin jini su ƙaru a cikin tsoka, tsokar kuma ta ƙware wajen amfani da iskar da huhu ya shaƙo. Shi ya sa bugun zuciyar babban mutum a zaune yakan kasance tsakanin 60 da 100 a minti ɗaya, na ƙwararren mai gudun nesa kuwa yakan sauko wajen 40 zuwa 50. Sai dai zuciya da huhu sun fi ƙashi da jijiyoyi saurin sabawa. Numfashi zai ce maka ka ƙara tun ƙwauri da agara ba su shirya ba, kuma a wannan tazarar ce ake samun rauni.

Wanda ya fi kowa tabbatar wa duniya wannan magana wani mutumin ƙasar Niyuzilan ne, Arthur Lydiard, wanda aka haifa a 1917. Ba likita ba ne, ba malamin jami'a ba ne. A masana'antar takalma ya yi aiki, kuma a jikinsa ya fara gwada dabarunsa. Ya tara samarin yankinsu a birnin Oklan ya sa su gudun nesa, wajen kilomita 160 a mako, ciki har da wani zagaye na kusan kilomita 35 a kan tuddai da suke yi a ƙarshen mako. Abin mamakin shi ne, cikinsu akwai Peter Snell, wanda tserensa mita 800 ne kacal, abin da ba ya kai minti biyu. Me zai sa mai tseren minti biyu ya shafe awanni yana bin tuddai? Amsar ta fito a gasar Olamfik ta birnin Rum a 1960. A rana ɗaya Snell ya ci zinare a mita 800, Murray Halberg ya ci a mita 5,000, sannan daga baya Barry Magee ya samu tagulla a gudun yada-ƙanin-wani. Dukansu yaran Lydiard ne. A Tokyo a 1964 Snell ya haɗa zinare biyu, na mita 800 da na mita 1,500.

Amma ɓangaren labarin da ya fi burge ni bai shafi zakaru ba. Lydiard ya kafa ƙungiyar sassarfa a Oklan domin magidanta masu teɓa, wasunsu ma sun taɓa ciwon zuciya. A ƙarshen 1962 Bill Bowerman, shahararren mai horar da 'yan tsere a Jami'ar Oregon ta Amurka, ya kai ziyara, aka gayyace shi ya fita da su. Shekarunsa 51 a lokacin, kuma sana'arsa ce koya wa mutane gudu. Ba a yi nisa ba aka bar shi a baya yana haki, sai wani dattijo da ya haura shekara 70, wanda ya yi fama da ciwon zuciya, ya rage tafiya ya tsaya tare da shi har suka ƙarasa. Abin ya shiga ran Bowerman ƙwarai. Da ya koma gida ya fara tara mutanen gari suna sassarfa, kuma a 1967 shi da wani likitan zuciya suka fitar da littafi a kan sassarfa wanda aka sayar da fiye da kwafi miliyan ɗaya. Dattijon nan bai fi Bowerman ƙarfi ba. Ya dai daɗe yana yin kaɗan-kaɗan a kai a kai, wannan kuwa kowa zai iya.

Har gobe haka manya suke yi. A garin Iten na Kenya, mai tsayin kusan mita 2,400 daga teku, inda zakarun duniya suke atisaye, yawancin gudunsu na mako mai sauƙi ne, mai tsanani kwana biyu ko uku ne kawai. Idan su suna haƙuri da tafiyar sannu, ina dalilin gaggawar wanda ya fara jiya?

Tsarin farawa kuwa ba shi da wuya. Akwai wani sananne da Josh Clark ya tsara a 1996, na mako tara, fita uku a mako. A makon farko, bayan tafiyar minti biyar don jiki ya ɗumama, ana sassarfar minti ɗaya, tafiyar minti ɗaya da rabi, a yi ta maimaitawa har minti 20. Kowane mako sassarfa na ƙaruwa, tafiya na raguwa, har a kai minti 30 ba tsayawa. A bar kwana guda tsakanin fita da fita, domin a lokacin hutu ne jiki yake gyara kansa. Makon da ya yi nauyi a maimaita shi. Da rarrafe yaro kan tashi.

Yanzu bari in zo kan abin da yake ɓata mini rai. Za ka ga mutum cikin zafin Afrilu ya sa rigar leda, ya ɗora rigar sanyi a kai, yana gudu, wai yana narkar da kitse. Wa ya ce masa zufa kitse ce? Zufa ruwa ne da gishiri, jiki ne yake fitar da ita domin ya huce, kuma sai ta bushe a kan fata sannan take sanyaya shi. Wanda ya rufe kansa da leda ya toshe wannan hanya, zafin jikinsa ya yi ta hawa, abin da kan kai ga jiri, suma, lalacewar ƙoda, har ma da mutuwa. Nauyin da ya gani ya ragu a sikeli ruwa ne, da ya sha kofi uku zai dawo. A daina wannan ɗabi'a, kuma a daina koya wa yara ita. Haka nan maganar cewa idan jiki bai yi tsami ba to ba a yi aiki ba. Tsamin da ke zuwa bayan kwana ɗaya ko biyu alama ce ta tsokar da aka ɗora wa abin da ba ta saba ba, ba shi ne ma'aunin ci gaba ba. Ciwon da ya tsaya wuri guda a ƙwauri ko gwiwa, yana ƙaruwa idan ana gudu, shi kam umarni ne na a tsaya.

Batun takalmi ba zan tsawaita ba. Abebe Bikila na Habasha ƙafa ba takalmi ya ci gudun yada-ƙanin-wani a wannan gasa ta Rum, kilomita 42 da 'yan kai. Ba cewa nake a kwaikwaye shi a titi mai ƙusa da kwalba ba; kambas da ya zauna wa ƙafa daidai ya isa. A fita bayan asuba ko gab da magariba, a sha ruwa, a haƙura ranar da ƙurar hunturu ta yi kauri. Mai hawan jini, ciwon suga ko ciwon ƙirji ya fara ganin likita.

Hukumar Lafiya ta Duniya tana ba babban mutum shawarar aƙalla minti 150 na matsakaicin motsa jiki a mako, ko minti 75 na mai ƙarfi. Wanda ya kai ga gudun minti 30 sau uku a mako ya cika wannan. Idan yana son ƙari, ya tsawaita fita ɗaya daga cikin ukun da minti biyar, ya bar saurin yadda yake. Bayan 'yan watanni zai tarar yana cin nisan da ya fi na da a cikin lokaci ɗaya, numfashinsa kuma bai canja ba. A lokacin ne maganar ƙara sauri ta taso.