Daga Bambag Zuwa Dawanau: Hatsin Tuwo Da Tukunyar Giya

Matafiyin da ya sauka a Bambag, wani tsohon birni a jihar Bavariya ta ƙasar Jamus, kunnensa ba zai daɗe ba zai ji labarin sana'ar da garin yake taƙama da ita. Ƙananan gidajen dafa giya ne na gado, waɗanda ba su ƙarƙashin wani babban kamfani. Aikin jarida ya kai ni ɗaya daga cikinsu. Ban kai kofi baki ba, amma na buɗe ido.

Aikin daga tsiro yake farawa, kamar dai yadda masu burukutu suke yi da dawa. Akan jiƙa sha'ir, a baza shi har ya tsira, kana a busar. Gidaje biyu, watau Schlenkerla da Spezial, har gobe a kan wutar itace suke busar da nasu, shi ya sa abin yake ƙanshin hayaƙi. Daga nan sai a ɓarza, a dama da ruwan zafi, a tace, a tafasa da wani fure mai ɗaci da suke kira Hopfen. In ya huce a zuba yisti, a ajiye makonni a wuri mai sanyi.

To, abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne wata doka da sarakunan Bavariya suka kafa a 1516. Dokar ta ce ruwa da sha'ir da furen nan kaɗai za a sa a tukunya. Masana tarihi sun nuna cewa ɗaya daga cikin dalilanta shi ne a bar wa masu gasa burodi alkama, kada mashaya su sa abincin talaka ya yi tsada.

Nan ne hankalina ya dawo gida. A 1988 gwamnatin Nijeriya ta hana shigo da tsiron sha'ir daga waje. Ala tilas kamfanonin giya da na lemon malt suka koma ga dawa da masara. Daga baya an ɗage hanin, amma kamfanonin ba su saki dawa ba. Ke nan buhun da dillalin kamfani yake tayawa a kasuwar Dawanau ta Kano, shi ne dai wanda magidanci ya zo nema domin tuwon iyalinsa.

Babu shakka manomi ya sami babban mai saye, kuma kuɗin da da za a kai ƙasashen waje sun tsaya a gida. Sai dai a shekarar da damina ta yi gardama, mai aljihu da nauyi shi ke fara cika motarsa, mai sayen kwano ɗaya kuwa ya bi baya.

Mutanen Bavariya sun yi wa kansu wannan lissafi fiye da shekara 500 da suka wuce, suka ware hatsin ci daga hatsin sha. Mu kuwa rumbu ɗaya ne. Ya kamata hukumomin aikin gona su dubi batun tun kaka ba ta yi ba.