An Cire Iska Amma Birki Bai Kama Ba: Ina Matsalar Take?

Daga Sultan Road zuwa Ahmadu Bello Way a Nassarawa GRA, yawancin motocin da ke yawo tokumbo ne: Corolla, Camry, Accord da makamantansu. Da yawansu na ɗauke da na'urar ABS, wadda ke hana taya cijewa idan an taka birki da ƙarfi. Wannan na'ura ta sauya yadda ake cire iska daga birki, amma a gareji da dama har yanzu tsohon salo ake bi: yaro a kan kujerar direba, oga a gindin taya yana cewa "taka, riƙe, saki". Sau da yawa hakan na wadatarwa. Wani lokaci kuma a ƙarar da gwangwani biyu na man birki, a taka a ji shi laushi kamar soso.

Dalilin laushin ba boyayye ba ne. Ruwa ba ya matsuwa, shi ya sa ƙarfin ƙafar direba ke bi ta cikin mai ya isa tayoyi huɗu, ƙa'idar da Blaise Pascal na Faransa ya bayyana tun ƙarni na 17. Iska kuwa tana matsuwa. Ɗan kumfa a cikin bututu ya isa ya shanye ƙarfin ƙafar kafin ya kai taya.

Kafin a kwance komai, akwai gwaji mai sauƙi. A kashe inji, a taka birki sau da yawa a jere. Idan ya yi tauri, sannan bayan ɗan hutu ya koma laushi, alamar iska ce, ko kuma birkin baya mai ganga yana buƙatar saiti. Idan kuwa an danne shi an riƙe, yana nutsewa sannu a hankali har ƙasa, to ko dai mai na yoyo a wani wuri, ko robobin cikin masta sun gaji. Wannan ba iska ba ce, kuma cire iska sau goma ba zai gyara shi ba.

Idan an tabbatar iska ce, ga inda ta saba maƙalewa. Na farko, tukunyar man da ke kan masta: idan aka bari ta ƙafe ana cikin aiki, sabuwar iska ta shiga, sai a faro daga farko. Na biyu, sakin ƙafa kafin a ɗaure ƙusar fitar da iska, wanda ke zuƙo iskar ta koma ciki. Ɗan tiyo mai haske da aka tsoma bakinsa cikin kwalbar mai yana maganin wannan, kuma ana ganin kumfar da ido. Na uku, kalifa. Iska sama take hawa, don haka dole ƙusar ta kasance a sama. Wanda ya sayo kalifa a Kofar Ruwa ya ɗaura ta dama a hagu, ƙusar za ta koma ƙasa, iskar ba za ta taɓa fita ba. Na huɗu, sabuwar masta da aka ɗaura ba tare da an fara cika ta da mai an fitar da iskarta ba.

Tsari ma na da muhimmanci. An saba farawa da tayar da ta fi nisa da masta, wato ta baya ta dama, amma wasu motocin, ciki har da wasu Honda, tsarinsu daban ne. Littafin motar ne alƙali.

Sai ABS, wadda Bosch da Mercedes suka fito da ita kasuwa a 1978. A cikinta akwai ƙananan bawul da famfo, kuma idan iska ta shige su, taka birki kaɗai ba ya korar ta a motoci da yawa. Sai an jona kwamfutar duba mota a kafar OBD da ke ƙarƙashin sitiyari, a umarci famfon ya yi aiki, sannan a sake cire iska a tayoyin. Ba kowace ƙaramar na'urar karanta lambar matsala ke iya wannan ba, don haka ya kamata mai mota ya tambaya kafin ya bar makullinsa.

Shi kansa man abin lura ne. Man birki na shan danshi. Sabon DOT 4 ba ya tafasa sai a kusan digiri 230, amma idan ya sha ruwa yakan sauko zuwa 155. DOT 3 kuwa daga 205 zuwa 140. A zafin watan Afrilu na Kano, ga cunkoson Murtala Mohammed Way, tsohon mai na iya tafasa ya haifar da tururi, birki ya tafi ƙasa ba tare da iska ta shiga daga waje ba. Shi ya sa kamfanoni da yawa ke son a sauya shi duk shekara biyu, daga gwangwanin da ba a taɓa buɗewa ba. Kada a haɗa DOT 5 da sauran, sinadarinsa daban ne.

Idan an gama, a gwada motar a hankali a layin da babu jama'a. Muddin birki bai yi tauri a taku na farko ba, motar ba ta isa hawa titi ba, balle hanyar Zariya.