Farar wuta, haske da launin mazarƙwaila

Raken da ake nomawa a fadamun Makarfi da Kudan, in aka matse shi aka dafa a ƙauye, mazarƙwaila yake bayarwa mai duhu. Irinsa kuma a masana'anta sukari yake zama, fari fat. Sirrin yana wurin haske. Ruwan rake in ya sha wuta, wasu sinadarai ke samuwa cikinsa masu shanye shuɗin haske, ragowar da ta dawo wa ido ita ce launin ƙasa-ƙasan nan.

Masana'antu da dama, musamman a Indiya, da farar wuta suke tare wannan duhu, ita dai wadda masu magani ke kasawa a kasuwa. In an ƙona ta sai ta ba da iska mai shaƙe maƙogwaro, mai warin ashanar da aka ƙyasta; masana na ce mata SO2. Ita ake busawa cikin ruwan raken, ta kama sinadaran tun ba su yi launi ba.

Cikin ruwa iskar ba ta da launi ko kaɗan, amma tana shan haske, sai dai irin wanda ido bai gani. Da nanomita ake auna tsawon zangon haske; ganin ɗan Adam ya tsaya tsakanin 400 da 700 ko kusa da haka, ita kuwa wajen 276 take sha. Wannan ma sai ruwan ya yi tsami ƙwarai. Da tsamin ya ragu sai ta rikiɗe ta koma baisalfait, shan hasken a wannan ma'auni ya dushe. Shi ya sa mai auna yawanta a ruwa kan fara zuba asid, sannan ya ratsa ruwan da haske: gwargwadon abin da aka shanye, gwargwadon yawanta.

Da dangin SO2 ake hana busasshen tumatir yin baƙi da inabi yin fumfuna, don haka manoman Ikara da Kudan masu hangen kasuwar waje su san iyakarsa. A Turai da Amurka, in ya kai wajen miligiram 10 a kilo, dole a rubuta a jikin kaya, saboda yana tayar wa wasu masu asma da ciwo. Kada kuma mai saye ya ɗauki duhun mazarƙwaila a matsayin datti. Launin dahuwa ne.