Yadda Za Ka Buga Hoton Wayarka a Kan Takardar Masu Zane

Hotunan da ka ɗauka ranar Hawan Daushe a Ƙofar Kudu, ko na marinar Ƙofar Mata, suna ina yanzu? Suna cikin waya. Ranar da aka sace wayar ko ta faɗa ruwa, shi ke nan. Gara ka buga mafi kyawunsu. Idan kuma ka buga a kan takardar masu zane da fentin ruwa, hoton zai fito kamar da hannu aka zana shi.

Firinta

Nemi firinta mai tawadar ruwa, wato inkjet, irin su Epson ko Canon. Firintar leza da garin tawada da zafi take aiki, kuma garin ba ya zama sosai a kan takarda mai kaushi. Zaɓi wadda ake saka mata takarda ta baya, domin takarda mai kauri ba ta son lanƙwasa.

Takarda

Duba jikin kunshin. Wadda aka rubuta Hot Press sumul take, ta fi fitar da fuska. Cold Press tana da kaushi, ta fi dacewa da hoton ganuwa ko Dutsen Dala. Fara da mai nauyin 200 gsm ko ƙasa da haka. Ni da mai 300 na fara, ta maƙale, kan firintar ya goge ta, na yi asarar takarda da tawada.

Hoto

Takardar A4 tana buƙatar kusan fikzel 2480 sau 3508 kafin hoto ya fito tas. Kyamarar waya mai megafikzel 12 ta wadatar. Amma WhatsApp yana matse hoto, don haka tura shi a matsayin Document, ko ta kebul.

Wannan takarda tana shan tawada, ba kamar takardar hoto mai sheƙi ba, shi ya sa launi ke dushewa. Kafin ka buga, ƙara wa hoton ɗan haske da ƙarfin launi a Snapseed.

Bugawa

1. Yanka takardar daidai girman A4, bakinta ya miƙe.
2. Kakkaɓe ƙura da burbushin takarda, musamman lokacin hunturu.
3. A saitin firinta zaɓi Matte, sannan inganci mafi girma.
4. Saka takarda ɗaya tak, ɓangaren da kake so yana kallonka.
5. Fara gwaji da ƙaramin hoto tukuna.

Bayan ya fito, kar ka taɓa shi, bar shi ya kwana. Yawancin firintocin gida tawadarsu irin ta rini ce: ruwa na ɓata ta, rana na kodar da ita. Saboda haka saka shi a firam mai gilashi, ka rataye inda rana ba ta dukansa.