Karen Ja-gora da Ya Zama Haja

A shekarar 1989, Wally Conron, mai kiwon karnukan ja-gorar makafi a Ostireliya, ya haɗa Labrador da Poodle barbara. Dalili kuwa, wata makauniya a Hawai tana bukatar kare, amma gashin kare yana tayar wa mijinta da ciwo. Aka haifi 'yan kwikwiyo uku, ɗaya ya dace. Ya kira irin Labradoodle.

Sai masu kwaɗayin kuɗi suka shigo, suna haɗa karnuka ba binciken lafiyar iyayen, suna sayarwa da tsada. Waɗansu sukan tashi da ciwon ƙugu ko farfaɗiya. A 2019 Conron ya ce ya yi da-na-sani.

Saboda haka, kafin mu taya kwikwiyo, bari mu nemi ganin uwarsa tukuna.