Dashen ƙwai: Me ya sa ɗan tayi ke kama mahaifar wata ya ƙi ta wata?

Makonni biyun da ke biyo bayan dashen ɗan tayi sun fi kowane lokaci tsawo ga ma'auratan da ke neman haihuwa ta hanyar IVF. An sha allurai, an ɗebi ƙwan matar, an haɗa shi da maniyyin mijinta a ɗakin gwaji, an mayar cikin mahaifa. Wasu sai da suka sayar da fili ko gwal kafin su kai wannan matakin.

Idan gwajin jini ya nuna babu ciki, matar ce ke fara tuhumar kanta: ko don ta hau bene ne, ko don ta yi shara? Amma ba a nan gizo ke saƙar ba. Bincike ya nuna cewa kwanciya a gado bayan dashe ba ta ƙara damar samun ciki.

Ingancin ɗan tayin

Tun 1978 da aka haifi Louise Brown a Ingila, jaririyar farko ta wannan hanya, likitoci ke nazarin abin da ke hana dashe kamawa. Babban dalili shi ne ɗan tayin kansa. Lafiyayye yana ɗauke da ƙunshin ƙwayoyin gado 46, rabi daga uwa, rabi daga uba. Idan adadin ya ƙaru ko ya ragu, galibi ba ya kamawa, ko ya kama cikin ya zube.

Shekarun mace na da tasiri sosai. Ingancin ƙwai na raguwa da sauri bayan shekara 35, kuma bayan 40 fiye da rabin 'yan tayin kan zo da wannan tangarɗa. Maniyyi mai rauni ma yana rage ingancinsu, don haka namiji na da nasa kason.

Shirin mahaifa

Iri mai kyau sai da ƙasa mai kyau. Likitoci sun fi son shimfiɗar cikin mahaifa ta kai kaurin milimita 7 kafin dashe. Kwanaki kaɗan ne kuma take karɓar ɗan tayi a kowane wata, shi ya sa ake ba mace sinadarin furojestaron a ƙayyadadden lokaci.

Ƙarin mahaifa da ya kutso ciki, da tsiro, da tabon wankin ciki, duk suna kawo cikas. Bututun ƙwai da ya toshe ya tara ruwa kan rage damar da kusan rabi, sai an cire shi ko an ɗaure.

Abin da ke hannun ma'aurata

Barin taba, rage ƙiba da daidaita ciwon suga suna taimakawa. Mafi muhimmanci shi ne zuwa asibiti da wuri: bayan shekara ɗaya babu ciki, ko wata shida idan matar ta haura 35. Kuma a je tare, a gwada miji kamar yadda za a gwada mata.