Agogon sojan ruwa da ya taimaka wajen shata iyakar Maraɗi da Najeriya

A watan azumi, mutumin Gazawa yana riga mutumin Gidan Rumji shan ruwa da kusan minti 5, duk da cewa jiha ɗaya suke, hanyar kwalta ɗaya ce kuma ta ratsa su ta bi ta Agiye da Maraɗi. Dalili kuwa, Gazawa ta fi gabas, rana na riga faɗuwa a can. A kan wannan ɗan bambanci aka gina wani irin agogo da a yau masu tara kayan tarihi a Turai da Amurka ke rububinsa a wuraren gwanjo, wato kronomita na jiragen ruwan yaƙi.

Mai karatu zai ce me ya haɗa Maraɗi da teku? Iyaka ce ta haɗa su.

Duniya tana juyawa digiri 15 a cikin awa guda, wato digiri ɗaya a kowane minti 4. Idan matafiyi yana riƙe da agogon da ke nuna lokacin garin da ya baro ba tare da kuskure ba, ya kuma auna lokacin inda yake ta hanyar kallon rana ko taurari, bambancin zai gaya masa nisan da ya yi gabas ko yamma. Matsalar ita ce agogo na yau da kullum ba ya jure zafi, sanyi da girgiza. Kuskuren daƙiƙa 4 kacal yana kai mutum kusan kilomita 2 daga inda yake zato.

A 1714 majalisar dokokin Birtaniya ta sa kyautar da ta kai fam 20,000 ga wanda ya warware wannan matsala. John Harrison, wanda asalinsa kafinta ne, ya shafe shekaru yana ƙera agogunan gwaji. Na farko, H1, ya kammala shi a 1735, nauyinsa ya haura kilo 30. Na huɗu, H4, ya fito a 1759, bai wuce cika tafin hannu ba, aka gwada shi a tafiya zuwa Jamaika a 1761. Duka huɗun suna Greenwich a birnin Landan, ba na sayarwa ba ne. A Faransa kuma Pierre Le Roy da Ferdinand Berthoud ne suka yi fice.

Abin da masu tarawa ke samu a kasuwa shi ne na baya-bayan nan: agogo a cikin akwatin katako, an rataye shi a zobban tagulla don ya tsaya daidai ko jirgi na tangaɗi, yawanci wani ɗaya yana kai shi kwana biyu. Daga cikin irin waɗannan akwai Hamilton Model 21, da kamfanin ya ƙera dubbai domin sojan ruwan Amurka a Yaƙin Duniya na Biyu. Tsufa kaɗai ba ya sa kuɗin agogo ya tashi. Lambar da ke jikinsa ake bi, a duba kundin sojan ruwa a ga jirgin da ya hau da tafiyar da ya yi. Agogon da tarihinsa ya ɓace, darajarsa ta ragu, komai ƙyallinsa.

To a nan labarin ya shafe mu. Yarjejeniyar Faransa da Birtaniya ta 14 ga Yunin 1898 ta zana iyaka da da'ira mai nisan mil 100 daga birnin Sakkwato, abin da ya bar Faransawa ba su da hanya mai rijiyoyi zuwa Damagaram. Suka yi ta ƙorafi har aka sake zama a 1904, sannan a Landan ranar 29 ga Mayun 1906. Daga nan aka tura tawaga ta haɗin gwiwa, Kyaftin Jean Tilho a ɓangaren Faransa da Manjo O'Shee a ɓangaren Birtaniya, suka bi daji daga kogin Kwara zuwa tafkin Chadi tsakanin 1906 da 1908, suka kafa turakun iyaka 148. A zamanin babu tauraron ɗan Adam. Da kallon taurari cikin dare da agogunan da aka ɗauko da taka-tsantsan ake tantance matsayin gari a taswira, dabarar da aka aro daga matuƙan jirgi. Ba banza ba tawagar Tilho ta haɗa da hafsan sojan ruwa mai suna Audoin. Wani abin dariya ma, Faransawa daga Paris suke fara ƙirgensu, Ingilishi daga Greenwich, tsakaninsu akwai minti 9 da daƙiƙa 21 da sai an daidaita.

Layin da suka tabbatar shi ne ya bar Tibirin Gobir, da ke gundumar Gidan Rumji, a Nijar, Sabon Birni kuma a Najeriya. Ya bar Katsinawan Maraɗi a gefe guda, birnin Katsina a ɗaya gefen. Shi ne layin da Najeriya ta rufe a Agustan 2019, aka sake rufe shi bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, kayan masarufi suka yi tsada a kasuwannin yankin. Shi ne kuma wanda dubban mutanen Sakkwato da Zamfara suka tsallako tun 2019 suna gudun 'yan bindiga, ƙauyukan Gidan Rumji suka karɓe su.

A ganina, abin takaici shi ne ɗalibin Agiye ko Gazawa zai gama sakandare bai taɓa jin yadda aka auna wannan iyaka ba, alhali an rubuta komai. Rahoton tawagar Tilho an fara buga shi a Paris a 1910, kuma a ciki akwai tarihin sarautun Katsina, Gobir da Maraɗi da tafintan tawagar, Landeroin, ya tattara daga bakin dattawan wancan lokaci. Da Faransanci yake. 'Yan uwanmu da ke zaune a Ingila kuwa, jirgin ƙasa kawai za su hau zuwa Greenwich su ga H1 yana aiki a cikin gilashi, shekara kusan 290 bayan ƙera shi.